Santsin ɓoye da hukuncin son rai a fagen kokawar kaka

A kakar da ta wuce, daidai lokacin da aka gama yankan dawa aka shiga sussukar waken suya, na samu 'yan kwanakin hutu daga jami'a na tafi gida Malumfashi. Ranar da na sauka yayata ta shaida mini cewa ɗanta zai shiga kokawa washegari a wani ƙauye da ke gefen hanyar Kafur. Ta roƙe ni in bi shi, ko ganin idona zai sa ya rage rawar kai. Yaron yana da shekara 22, manomi ne kamar mahaifinsa, kuma ya yi suna a ƙauyukan da ke kewaye da mu wajen kayar da waɗanda suka fi shi jiki. Na amsa mata ba tare da gardama ba, domin ni ma rabona da fagen kokawa tun ina ɗan sakandare.

Mun isa bayan la'asar, mun tarar fili ya cika. Ganga tana tashi, samari suna kirari, 'yan mata da masu gyaɗa da rake sun kewaye wurin. Fagen kuwa masussuka ce da aka gama aiki a kanta kwana biyu da suka wuce, ƙasarta a daɓe kamar tsakar ɗaki. Saboda ƙura, masu shirya wasan sun sa yara sun yayyafa mata ruwa, amma ba wanda ya ɗauki tsintsiya ya share ƙaiƙayi da ƙwayoyin waken da suka rage a kai. Da abokin karon ɗan yayata ya fito, sai na ga kafaɗunsa da gadon bayansa suna ɗaukar ido a hasken yamma. Na ɗauka gumi ne.

Sau uku yaronmu yana kai hannu, sau uku hannun yana zamewa kamar wanda ke ƙoƙarin riƙe tarwaɗa. A karo na huɗu ya sunkuya ya kai cafka ga cinya da dukan ƙarfinsa. Hannu ya sulɓe, ƙafarsa ta dama ta taka jiƙaƙƙiyar ƙasa ta tafi, ya zube a kan kafaɗarsa ba tare da abokin karon ya taɓa shi ba. Duk wanda ke kusa ya ji ƙarar. Alƙalin wasa, wanda daga baya na ji cewa ɗan ƙauyen abokin karon ne, bai ko dubi wanda ke kwance ba ya ɗaga hannun ɗaya yaron ya ce kaye ya tabbata. Kafin a ce kwabo samarin ɓangarenmu sun zaro sanduna, na can ma sun zaro nasu. Ba don wasu dattawa sun shiga tsakani da rawunansu a hannu ba, da abin da zan rubuta yau ya fi wannan muni.

Ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji ne ya karye. Yaron ya yi mako shida hannunsa a rataye, a daidai lokacin da gidansu ya fi bukatar ƙarfinsa. Sai da mahaifinsa ya ɗauki 'yan ƙodago suka ƙarasa masa sussuka, ya biya su daga cikin hatsin da ya yi niyyar ajiyewa.

"Kawu, ai kowa yana yi"

Na bar ƙauyen nan da tabbacin cewa an zalunce mu. Bayan kwana uku, ina zaune kusa da shi a zaure, na ce masa zan je in sami mai unguwar ƙauyen a kan maganar man da yaron nan ya shafa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, don Allah ka bar maganar. Ai kowa yana yi. Ni ma bara na shafa."

Daga nan ya buɗe mini littafin da ban taɓa karantawa ba duk da yawan karatuna. Wasu man kaɗanya suke shafawa, wasu man gyaɗa, wasu basilin. Masu wayo ba sa shafawa a bakin fage. Tun da hantsi suke mulke jiki, su bari fata ta sha, su goge sama da tsumma, yadda ko an shafa jikinsu za a ji shi a bushe. Sai an fara karo gumi ya keto, man ya biyo shi. Akwai masu jiƙa karkashi ko kuɓewa su shafa ruwan, saboda yauƙinsa ba ya ƙyalli kamar mai. Idan aka tambaye su sai su ce magani ne malaminsu ko bokansu ya ba su, kuma a al'adar fage ba a cika tambayar mutum abin da ke cikin maganinsa ba.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, har na je wurin wani dattijo a unguwarmu wanda ya yi tashen kokawa tun kafin a haife ni. Na gaishe shi na ce, "Baba, a zamaninku ma haka ake yi?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, shafa mai ya girme ka, ya girme ni. Amma mu a lokacinmu idan na ga jikinka yana sheƙi, ƙasa zan ɗiba in watsa maka, kai ma ka watsa mini, sannan mu kama. Kuma wanda zai raba mu dattijo ne da ke jin kunyar garuruwan nan biyu. Yanzu babur ake sakawa, ga masu caca a bayan fage. Wa zai tsaya jin kunya?"

Dattijon nan ya taɓo ainihin ciwon. Kokawar kaka ta tashi ne a matsayin wasan manoma bayan an kai amfani gida, ladarta kuwa suna ne da kirari, wani lokaci da farin jini wurin 'yan mata. Yau ɗan siyasa yana saka babur ko kuɗi masu kauri, ana ɗaukar karo a waya a watsa a Facebook da TikTok kafin a watse daga fili. Lada ta ƙaru ninkin ba ninki, amma tsarin da ke kare ɗan wasa da mutuncin hukunci yana nan inda kakanninmu suka bar shi, har ma ya rasa abin da ke riƙe da shi a da, wato kunya da tsoron idon manya.

Yadda wasu suka yi da nasu santsin

Matsalar santsi ba tamu ce mu kaɗai ba. Duk wasan da rayuwar ɗan wasa ta rataya a kan riƙo, sai an yi wannan gardama a cikinsa. Misalin da ya fi ba ni mamaki na samo shi ne daga wani wasa da ya yi nisa da al'adarmu ƙwarai, wato rawar sandar ƙarfe. Asalin shahararsa a gidajen rawar dare na Amurka da Turai ne, kuma ba na kawo shi nan don in yi masa talla ba. Abin lura shi ne yadda masu shi suka mayar da shi gasa mai dokoki. A 2009 aka kafa ƙungiyarsa ta duniya mai suna IPSF, a 2012 ta shirya gasar duniya ta farko a Landan, a 2017 kuma babbar ƙungiyar da ke tattara hukumomin wasanni na duniya a lokacin ta ba ta matsayin 'yar kallo.

A wannan gasa ɗan wasa yakan hau sanda mai tsawon mita 4 da kaurin milimita 45, ya juya kansa ƙasa, ba abin da ke riƙe da shi sai fatar hannu ko ta cinya. Sanduna biyu ake kafawa, ɗaya a tsaye cak, ɗaya mai juyawa. Idan wanda ya riga ka hawa ya bar gumi ko man shafawa a jikin ƙarfen, kai ne za ka faɗo da ka, alhali ba kai ka yi laifin ba, kuma alƙalai za su rage maka maki a kan zamewar. Saboda haka a irin waɗannan gasanni akan ajiye mutane na musamman waɗanda aikinsu kawai shi ne su hau sandar su goge ta tas bayan kowane ɗan wasa. Hikimar a bayyane take. Wanda ya hau na farko da wanda ya hau na ƙarshe dole su tarar da ƙarfe iri ɗaya, in ba haka ba makin da aka ba su ba ya auna gwanintarsu, sa'arsu yake aunawa.

A ɗaya gefen kuma akwai Turkiyya. A birnin Edirne ana yin kokawar Kirkpinar duk shekara, wadda masu ita ke danganta farkonta da ƙarni na 14, kuma hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun duniya a 2010. A can man zaitun ake kwarara wa 'yan kokawa tun daga kafaɗa har wandon fatar da suke sakawa, a gaban jama'a, kowa da kowa. Ba wanda ke kukan an cuce shi, domin santsin na kowa ne, kuma dabarun riƙon da suka koya tun suna yara an gina su ne a kan jiki mai mai. Ita kuwa kokawar zamani da ake yi a gasar Olamfik akasin haka ta zaɓa. Dokokinta sun hana shafa duk wani abu mai maiƙo ko mai danƙo, kuma alƙali yana da ikon duba jikin ɗan wasa ya sa a goge masa gumi kafin a fara.

Idan aka haɗa misalan nan uku za a ga cewa mai da kansa ba shi da laifi. Al'umma tana iya yarda kowa ya shafa, tana iya yarda kada kowa ya shafa. Abin da ba ya yiwuwa a kira shi wasa shi ne mutum ɗaya ya shigo da santsi a ɓoye, ɗayan ya shigo da shirin riƙe busasshen jiki. Wanda ya san jiki da mai yakan auna ƙarfinsa. Wanda bai sani ba yakan saki dukan nauyinsa a kan riƙon da babu shi, kuma wannan nauyin ne ke komawa kan kafaɗarsa ko wuyansa.

Ƙasar fage ma kayan wasa ce

Da na sake tunani a kan abin da ya faru, sai na ga cewa man da yaron can ya shafa rabin labarin ne. Hannu ya zame saboda mai, amma ƙafa ta tafi ne saboda ƙasa, kuma ƙashi ya karye ne saboda taurin inda aka faɗa. Ƙasar yankinmu ta Malumfashi da Funtuwa da Bakori, wadda ke ba mu masara da auduga, tana da laka fiye da ta arewacin Katsina. Idan ta bushe aka daɓe ta sai ta zama kamar siminti, idan kuma aka yayyafa mata ruwa sai samanta ya yi sulɓi ƙasanta yana nan da taurinsa. A ƙara da ƙwayoyin wake masu mirginawa a ƙarƙashin tafin ƙafa. Masu shirya wasan ba mugunta suka yi ba, ƙura suka so su kwantar wa 'yan kallo. Sai dai ba wanda ya ɗauki duba fagen a matsayin aikinsa.

Irin wannan sakaci yana faruwa har a inda ake kashe miliyoyi. A gasar Olamfik ta birnin Sidni a 2000, a wasan ƙarshe na alkafura na mata, an kafa dokin da ake dafawa a yi tsalle a tsayin santimita 120 maimakon 125. Tazarar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma 'yan wasa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Svetlana Khorkina ta Rasha, wadda ake sa ran za ta lashe gasar, ta faɗi. Annika Reeder ta Birtaniya ta ji rauni ta fice. Ba jami'ai ne suka gano kuskuren ba, wata 'yar wasa ce 'yar Ostireliya mai shekara 16, Allana Slater, ta tsaya ta ce dokin nan bai kai ba, a auna. Da aka auna aka ga gaskiyarta. An ba waɗanda suka riga suka yi tsalle damar sakewa, amma wanda ya ji rauni ya riga ya ji, wanda zuciyarsa ta karaya ta riga ta karaya.

Darasi biyu na ɗauka daga nan. Duba kayan wasa kafin a fara aiki ne da dole a ɗora wa wani mutum takamaimai. Sannan dole ɗan wasa ya samu bakin da zai ce "wannan wuri bai yi ba" ba tare da an kira shi matsoraci ba. A fagenmu, saurayin da ya ce ƙasa tana da santsi, makaɗa ne za su fara yi masa zambo.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan faɗuwa. Da yaronmu ya zube, mutum huɗu suka ruga suka ɗauke shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, kansa yana reto. Allah ya taƙaita abin a kafaɗa. Da a wuya ne ƙashin ya tsage, wannan ɗauka kaɗai ta isa ta taɓa laka ta bar shi a kwance har ƙarshen rayuwarsa. Duk wanda ya faɗi da ka ko da wuya, ya ce yana jin ciwon wuya, ko hannu da ƙafa sun yi masa sanyi, ba a jan sa, ba a zaunar da shi, ba a ɗura masa ruwa. Riƙe kansa ake yi daidai da jikinsa, a mirgina shi gaba ɗaya a kan faffaɗan katako, a nufi asibiti. Maɗoranmu na gargajiya suna da gwanintar da ba mai musunta a karayar hannu da ƙafa, amma wuya da gadon baya da buguwar ƙwaƙwalwa ba fagensu ba ne. Irin wannan rauni sai manyan asibitoci kamar na koyarwa da ke Shika a Zariya, ko na Katsina, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, kuma kowannensu tafiya ce mai nisa daga ƙauyukanmu, ballantana da dare a halin tsaron da muke ciki.

Ba zan rufe wannan babi ba sai na ambaci ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma tiramadol na cikin waɗanda aka fi sha. Wanda ya sha ta ba ya jin zafin da zai gaya masa ya tsaya, sai ya ci gaba da karo da tsagaggen ƙashi. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024. Mu ba mu da ɗakin gwaji a bakin fage, amma dattijon da ya san yaran garinsu yana gane idon da ya juye.

Wa ke hukunta alƙali?

Sandunan da aka zaro ranar nan ba mai ne ya zaro su ba. Hukunci ne. Mutane suna iya haƙura da faɗuwar gwaninsu, abin da ba sa haƙura da shi shi ne su ga wanda aka ba amanar raba gardama yana da nasa ɗan wasan. Ban ce alƙalin nan ya karɓi ko sisi ba. Mai yiwuwa ma a fahimtarsa duk wanda kafaɗarsa ta taɓa ƙasa ya faɗi, ko an taɓa shi ko ba a taɓa shi ba. To amma wa ya faɗi wannan doka kafin a fara? Ba kowa. Kowane ɓangare ya zo da dokarsa a cikin kansa, kuma da gardama ta tashi sai ya zama dokin mai baki ya fi gudu.

Duniya ta sha wannan ɗaci. A gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Amurka a 2002, a wasan zamiya a kan ƙanƙara na mutum bibbiyu, an ba 'yan Rasha zinare a gaban 'yan Kanada. Wata alƙaliya 'yar Faransa ta ce an matsa mata lamba, aka dakatar da ita, aka ƙara buga wani zinaren aka ba 'yan Kanada. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a 2004 hukumar wasan ta watsar da tsohon tsarin bayar da maki gaba ɗaya ta kawo wanda ke fayyace abin da kowane motsi ya cancanta. Sun gane cewa korar alƙali ɗaya ba ta magance komai idan tsarin ya bar hukunci a cikin cikin mutum.

Ba sai mun je nesa ba ma. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara gasar Takobi ta kokawar gargajiya a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko. Yau jihohi takwas ne ke turo 'yan kokawa goma-goma, gasar tana zagayawa daga babban birnin wannan jiha zuwa na waccan, a fage mai yashi, da alƙalai da aka horar, da dokokin da kowa ya sani kafin ya tuɓe riga. A Agadas a ƙarshen 2023 Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi karo na shida. Su ma gardama ba ta ƙare musu ba, amma suna da abin da za su koma gare shi idan ta tashi. Senegal ta kafa kwamitin ƙasa mai kula da kokawa tun 1994. Gasar kokawa ta ƙasashen ECOWAS tana raba 'yan wasa bisa nauyi. Duk waɗannan ba su daina kiɗa da kirari da ɗaura layu ba. Tsari bai cinye musu al'ada ba, shi ne ma ya kai ta gidajen talabijin.

A nan gida muna da hukumar wasannin gargajiya ta ƙasa, kuma kokawa da dambe da langa suna cikin Bikin Wasanni na Ƙasa da aka faro a Legas a 1973. Sai dai tsakanin abin da ake yi a wannan biki da abin da ake yi a masussukar ƙauye akwai rata mai faɗi, kuma a masussukar ne yawancin yaranmu ke karawa.

Abin da ke ƙara mini takaici shi ne Malumfashi ba garin da za a koya wa darajar shari'a ba ne. Marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa daga 1978 zuwa 1992. Wanda ya gaje shi a sarautar, Mai Shari'a Sadik Abdullahi Mahuta, tsohon Babban Jojin Jihar Katsina ne. Ƙa'idar farko da kowane ɗalibin shari'a ke koya ita ce mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da yake da rabo a cikinta. Ƙasar da ta fitar da irin waɗannan mutane bai kamata a ce a ƙauyukanta ɗan gari ne ke yanke hukunci tsakanin ɗan garinsu da baƙo ba.

Abin da ba ya bukatar kasafin kuɗi

Ba ina kira a kafa wata sabuwar hukuma mai ofis da mota ba ne. Abubuwan da nake gani za su rage ɓarna suna hannun masu unguwanni da dagatai da masu shirya wasa, kuma sashen wasanni na ƙaramar hukuma zai iya rubuta su a takarda ɗaya ya raba.

Da farko, kada a buga ganga sai wakili ɗaya daga kowane ɓangare ya zagaya fagen da ƙafarsa ya amince da shi. A share shi, a sassaƙe saman da fartanya, a zuba yashin rafi mai kauri. Amalanke biyu ko uku na yashi ba su kai kuɗin tayar babur ɗin da ake sakawa ba. Idan za a yayyafa ruwa, a yayyafa inda 'yan kallo suke.

Na biyu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ajiye bokitin ruwa da sabulu da tsumma a bakin fage, kowane ɗan kokawa ya wanke hannuwa da kafaɗu da cinyoyi a gaban wakilin abokin karonsa, tun da mun ji cewa gogewa da busasshen tsumma ba ta fitar da man da fata ta sha. Idan ana cikin karo ɗaya ya yi kukan santsi, alƙali ya tsayar ya taɓa da hannunsa. Wanda ya ce magani ne, a ce masa layarsa da gurunsa da kambunsa nasa ne, ba mai taɓa su, amma abin da zai shafa a fata ya shafi wuyan wani, don haka ya zama na kowa.

Na uku, alƙalai su zama uku, na tsakiya ya fito daga garin da ba shi da ɗan wasa a karon, kuma a biya su kafin a fara, daga kuɗin shiga, ba daga kyautar wanda ya ci ba. Kafin karo na farko mai shela ya faɗa da babbar murya abin da ake kira kaye a wannan fage, da hukuncin wanda ya zame da kansa. Tun da kusan kowane saurayi yana riƙe da waya, a zaɓi mutum ɗaya ya riƙa ɗauka daga wuri mai kyau, idan gardama ta tashi alƙalan uku su kalla su yanke.

Na huɗu, a gayyaci ma'aikacin lafiya na asibitin da ya fi kusa, a ba shi ɗan abin sawa a aljihu, a ajiye katako mai faɗi da mota a shirye. A daina haɗa yaro da wanda ya ninka shi a jiki don kawai 'yan kallo su yi ihu. Kuma a tashi wasa kafin duhu.

Na san za a ce ɗan boko ya zo zai mayar mana da kokawa aji. Na kai wannan magana ga dattijon nan na unguwarmu, na karanta masa abin da na rubuta. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, duk wannan ai shi muke yi da, ba mu dai rubuta ba ne." Ina ganin ya yi gaskiya. Watsa wa juna ƙasa shi ne bokitin sabulu, dattijon da ke jin kunyar garuruwa biyu shi ne alƙalin da ba shi da ɓangare. Abin da ya canja shi ne kuɗi ya shigo, kuma inda kuɗi ya shigo, abin da kunya ke riƙewa a da sai an ɗaure shi da ƙa'ida.

Yankinmu ya ga tashin hankalin da ya ishe shi a 'yan shekarun nan. Wuraren da samarin ƙauyuka daban-daban ke haɗuwa cikin raha sun ragu, kuma fagen kokawa yana cikin 'yan kaɗan da suka rage. Idan muka bari ya zama wurin karya ƙashi da ƙulla gaba tsakanin maƙwabta, wata rana hukuma za ta hana shi gaba ɗaya, kuma ba za mu samu bakin kare shi ba.

Ɗan yayata ya warke, ya koma gona. Da na je gida a hutun da ya biyo baya na tambaye shi ko zai sake shiga fage idan kaka ta zagayo. Ya ce, "Zan shiga, Kawu." Na ce da mai ko babu? Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "In za a wanke kowa, ni ne zan fara miƙa hannu." Kafin a kai dawar bana gida, ya rage ga masu unguwanninmu da masu saka babur su tanadi yashi da bokiti da alƙalin da ba ɗan gari ba.